Lissafin Kuɗin Cefane: Rowa Ce Ko Riƙon Amana?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mata, wai lissafi yana kore albarka. Da an ga mace tana rubuta abin da ta saya a ɗan littafi, sai ki ji ana cewa, "Wance akwai maƙo, sai ka ce ba Allah ke ciyarwa ba." Gudun wannan gori ya sa da yawanmu kuɗi su shigo hannu su fita ba mu san inda suka bi ba, wata bai raba ba an koma karɓar bashi wurin mai shago. To, shin tsara yadda za a kashe kuɗin gida rowa ce da ƙarancin tawakkali, ko kuwa yana cikin amanar da aka ɗora mana?

Masu ƙin lissafi suna da abin kafa hujja. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Asma'u 'yar Abubakar (RA) da ta ciyar, kada ta riƙa ƙididdigewa, don kada Allah Ya ƙididdige mata. Hadisi ne ingantacce. Sai dai malamai sun kawo shi ne a babin sadaka, yana hana mutum ya ƙulle hannu ko ya riƙa ganin yawan abin da ya bayar. Bai hana ki sanin mudu nawa gidanki ke ci a mako ba.

Ki duba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A Suratul Furƙan aya ta 67, Allah Ya yabi bayinSa da cewa idan za su ciyar ba sa ɓarna, ba sa ƙuntatawa, tsakiya suke bi. Yaya za ki gane tsakiyar abin da ba ki auna ba? Annabi Yusuf (AS) ya tsara wa mutanen Masar tanadin shekara bakwai na yalwa domin shekara bakwai na fari. Haka kuma ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara guda daga dabinon Banu Nadir. Wa ya kai su tawakkali?

Mu da ke zaune a nan kudancin kogin Kaduna ba sai an ba mu labari ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ma ta tsaya da aiki a 2007. Dubban magidanta a Kakuri da Makera da Nasarawa suka wayi gari ba albashi, wasu suka shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu. Ba laifinsu ba ne, ƙaddara ce, amma ta nuna mana cewa albashi ba gado ba ne. Sannan a ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi sama. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma duk mai zuwa kasuwa ta san iyakar abin da wannan kuɗi zai sayo. A irin wannan hali, rashin lissafi ba tawakkali ba ne, sakaci ne.

Yadda za ki fara ba wuya. Ki samu littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki yi wata guda kina rubuta duk abin da ya fita, har kuɗin kati da na alewar yara. Za ki sha mamaki. Naira 500 kullum, a wata 15,000 ce, a shekara ta haura 180,000. Daga nan sai ki kasa buƙatu gida uku. Na farko abin da ba makawa: hatsi, kayan miya, gas ko gawayi, kuɗin makarantar boko da Islamiyya, haya da magani. Na biyu ajiyar ko-ta-kwana, komai ƙanƙantarta, a cire ta tun ranar da kuɗi suka shigo, ba sai an ga saura ba. Na uku abin sha'awa, irin su anko da gudummawar biki, su za su jira abin da ya rage. Sadaka ma ki ware mata rabonta tun farko, kin ga lissafi ya zama mai raya ta ke nan. Idan za ki ƙetare gada zuwa babbar kasuwa sayen sari, ki haɗa da kuɗin mota ki gani ko da gaske an samu sauƙi. Adashi kuwa alheri ne, amma kada ki shiga zubin da sai kin taɓa tukunyar yara kafin ki cika shi.

Nan ne maganar amana ta shigo. Dukiyarki ta sana'a ko sadaki ko gado taki ce, ba mai iko da ita sai ke. Amma kuɗin cefane an ba ki ne domin cikin iyali. Ki rage nama da manja a ɓoye don ki fitar da ankon bikin ƙawa, wannan haƙƙin yara da maigida kika ci, ko da ba wanda ya gani. Idan iya tattalinki ya sa an samu rara, ki gaya masa. Sau da yawa zai ce ya bar miki, kin ga ta zama halal ba shakka. Annabi (SAW) ya gaya mana mace makiyayiya ce a gidan mijinta, kuma za a tambaye ta.

Kada kuma maigida ya mayar da littafin nan bulala. Ciyarwa wajibinsa ce gwargwadon hali. Da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar Abu Sufyan, Annabi (SAW) ya yi mata izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa adalci. Littafin ma shaidarki ne: maimakon cacar baki a kan "ina kuɗin da na ba ki?", sai ki buɗe ku duba tare, ya ga farashin yau da idonsa.

'Yar uwa, Tirmizi ya ruwaito cewa ranar ƙiyama za a tambayi bawa dukiyarsa, ina ya samo ta, ina kuma ya kashe ta. Wadda ta saba yi wa kanta hisabi tun a nan, ta rage wa kanta aiki. Ki auna, ki rubuta, ki bayar, sannan ki dogara ga Allah. Allah Ya sanya albarka a cikin abin da Ya ba mu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.