Haƙƙin Na Baya A Hawan Dutse

Duk ayarin da zai ɗauki hanya mai nisa, akwai tambayar da ke jiran sa tun kafin ya bar gari: da saurin wa za a yi tafiya, na mai ƙarfi ko na mai rauni? Mahaya keke da ke doguwar tafiya a ƙungiya sun san nauyin wannan tambaya, domin keke ba ya rufa wa gajiyayye asiri, hawa kuwa kan tona halin abokan tafiya.

Ƙasar Arewa ba ta da manyan duwatsu irin na Bagazam a Ayar, inda ƙololuwa ta haura mita 2000. Amma wanda ya taso daga Kiyeshe a kan keke, ya bi ta Dogon Dutsi da Matankari, sa'an nan ya nufi Lugu, garin da Sarauniya ta tari rundunar Voulet da Chanoine a shekarar 1899, ya san abin da ake kira hawa. Daga kwarin Dallol Mawri mai rairayi zuwa saman tudun fako mai tsakuwa, ƙafa kan yi nauyi, numfashi ya gajarta. A nan ne ayarin da ya fito a dunƙule yakan watse kamar carbin da ya tsinke.

Wannan watsewa tana da dalili. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, iska ce babbar abokiyar gabar mahayi. Wanda ya laɓe a bayan ɗan'uwansa yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, shi ya sa ake karɓa-karɓa a gaba. Ke nan a fili ko son kai ya isa ya haɗa kan ayari, tun da kowa na cin moriyar kowa. To amma da an fara hawa, gudu ya ragu, laɓewar ba ta da wani amfani mai yawa, kowa na fama da nauyin jikinsa da na kekensa da na guzurinsa. Mai ƙarfi ba shi da sauran buƙata wurin mai rauni. Idan ya tsaya jiran sa, alkawari kaɗai ne ya tsayar da shi.

Turawa sun daɗe suna jayayya a kan wannan batu. A shekarar 1897 wasu mahaya a Italiya suka yi kilomita 230 daga Roma zuwa Napoli a yini guda, aka kira su Audax, wato masu ƙarfin hali. A 1904 Henri Desgrange, wanda ya kafa gasar Tour de France shekara ɗaya kafin nan, ya shigar da tsarin a Faransa: a tashi tare, a isa tare, da saurin kilomita 18 a awa, ƙarƙashin shugaban tafiya wanda ba a wuce shi. A 1921 sai ƙungiyar Audax Club Parisien ta fito da wani tsari daban, inda kowa ke tafiya da saurinsa, in dai ya isa cikin lokacin da aka ƙayyade. Har yau tsare-tsaren biyu suna nan, kowane da mabiyansa.

Bai kamata a yi gaggawar la'antar tsari na biyu ba, domin mai ƙarfi ma yana da hujja. Wanda aka tilasta wa jan jiki a kan hawa yakan rasa kuzarinsa, kekensa ya yi ta tangaɗi. Kowace tsayawa tana ƙara wa ayari zafin rana, ruwan sha yana raguwa, dare na iya riskar kowa a daji saboda mutum ɗaya. Kuma shi kansa mai rauni ba ya son a mayar da shi kaya. Kallon tausayi wani lokaci ya fi gajiya ciwo.

Duk da haka, hujjar mai ƙarfi tana da iyaka. Wanda ya zaɓi tafiya shi kaɗai, babu mai bin sa bashin jira. Wanda kuwa ya shiga ayari, ya sha inuwar bayan abokansa tun safe, to ya ci bashi a fili, kuma a kan hawa ake biyan sa. Wataƙila ma wanda ya gaza a kan tudu shi ne ya daɗe yana tare wa sauran iska. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun fahimci wannan tun kafin keke ya zo ƙasar Hausa. Suna da jagaba mai duba hanya, suna da madugu uban tafiya, kuma darajar madugu tana ga adadin mutane da dabbobin da ya kai zango lafiya.

Sai dai jira ma iri biyu ne. Akwai waɗanda kan riga kowa kai saman tudu, su sha ruwa, su huta a inuwa, da na baya ya ɓullo yana haki sai su hau kekunansu su ce a tafi. Sun jira shi a ido, amma wanda ya fi kowa buƙatar hutu shi ne aka hana wa, kuma a hawa na gaba zai ƙara nisa a baya. Jiran gaskiya daga isowar na ƙarshe ake fara ƙirga shi. Mafi kyau ma, ɗaya daga cikin ƙarfafa ya zauna a ƙarshen ayari da famfo da kayan faci, a rage wa gajiyayye guzurin da ke kansa ba tare da gori ba. Shi ma na baya akwai abin da ke wuyansa: ya faɗi gaskiyar ƙarfinsa tun a gida, ya duba birki da taya, kada ya mayar da haƙurin abokansa wurin hutawa.

Malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyi sun san irin wannan hawa ko da ba su taɓa taka feda ba. A farkon shekara aji yakan tafi a dunƙule; da darasi ya yi tsauri, sai ƴan gaba su yi nisa, malami kuwa ga tsarin karatu na matsa masa ya gama kafin jarrabawa. Idan ya maimaita darasi sau ɗaya, ya wuce da zarar na baya ya fara ganewa, ya yi irin jiran mutanen saman tudu. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya rage ga kowace ƙungiya shi ne ta yanke shawara tun kafin a tashi: isowar wa za a ɗauka a matsayin isowar ayari? Wadda ta bar wannan magana sai an kai gindin dutse, ƙafafun masu ƙarfi ne za su yanke mata hukunci.