Wanda Ya Fito Daga Gidan Yari, Wa Zai Tsaya Masa?

 

Ya 'yan'uwa, wannan makon za mu taɓo maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a rumfunan kasuwa amma ba a kawo ta masallaci, wato maganar yaranmu da ke fitowa daga gidan yarin Kafanchan ko na Kaduna su rasa mai ba su aiki.

Kowa ya san yadda abin yake. Ranar fitowa ana ta barka, uwa ta toya waina ta raba sadaka. Bayan sati biyu yaro ya fara zagaya kasuwa. Tsohon maigidansa ya ce ya riga ya ɗauki wani. Mai ba da babur haya ya ce sai ya kawo wanda zai tsaya masa, wanda zai tsaya masa kuma ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Kafin wata uku sai ka gan shi a bakin tasha tare da abokan da suka jefa shi ciki, domin su kaɗai ne ba sa ƙyamarsa. Mu kuma mu ce, "Ai dama mun faɗa."

Tun 2019 doka ta sauya wa gidan yari suna zuwa gidan gyaran hali, kuma a wasu gidajen ana koyar da ɗinki da kafinta. To amma wanda ya koyi ɗinki ya fito babu keke, me ya samu? Sannan ba duk wanda ya kwana a can ne mai laifi ba. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, alƙali bai yanke musu komai ba. Wasu kuma tara ce ta gagare su: a Nuwamba 2023 gwamnatin tarayya ta fara sakin mutum 4,068 da aka biya wa tara da diyya, kuɗin duka naira miliyan 585. Talauci ne ya ajiye su. Mu nan kudancin Kaduna mun san yadda ake kame bayan kowace tarzoma, a haɗa mai hannu da wanda ya fito sayen magani.

Annabi Yusuf (AS) shekaru ya yi a kurkuku, daga can aka ɗauko shi aka damƙa masa taskokin Masar. Wani zai ce ai shi zaluntarsa aka yi. Gaskiya ne. To ga wanda ya yi laifin, ya kuma amsa da bakinsa: Ka'abu ɗan Malik (RA), da bai fita yaƙin Tabuka ba, kuma ba shi da uzuri. Kwana hamsin aka ƙaurace masa a Madina, ko sallamarsa ba a amsawa. Da Allah Ya karɓi tubarsa ya shigo masallaci, Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya tashi da sauri ya yi musafaha da shi, kuma Ka'abu bai taɓa manta masa wannan ba. Ƙauracewar da Annabi (SAW) da kansa ya yi umarni da ita tana da ranar ƙarewa. Tamu fa, yaushe take ƙarewa?

Ba cewa muke ɗan kasuwa ya rufe ido ba. Dukiya amana ce, kuma tun da cutar citta ta 2023 ta cinye gonaki a yankin nan jari ya yi wa kowa ƙaranci. Wanda aka ɗaure kan cin amanar kuɗi, kada a fara shi da aljihun tebur. A sa shi lodi, ko shanya citta, ko awo a gaban ido, a biya shi haƙƙinsa cikakke, ba rabi ba don an ga ba shi da zaɓi. Idan ya yi wata shida lafiya a matsa da shi gaba. Mai hali kuma ya ba shi ƙiradi, kamar yadda muka karanta a Risala: kai da kuɗi, shi da ƙarfinsa, riba a raba yadda aka yi yarjejeniya, in asara ta zo ba da sakacinsa ba to a kan jari take. A fara da abin da in ya salwanta ba zai karya ka ba. Zakka ma tana da wuri a nan, domin aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci matalauta da waɗanda bashi ya yi wa katutu, kuma da yawansu da bashin lauya suke fitowa.

Kakanninmu da suka sauka Zangon Kataf da jakuna, da waɗanda jirgin ƙasa ya kawo Kafanchan, baƙi ne. Maigida ne ya sauke su, ya ce wa 'yan kasuwa, "Ku ba shi kaya, ni na tsaya masa." Da wannan kalmar aka kafa shagunan da muka gada. Ita ce yaran nan ke nema.

Ku kuma samari da kuka fito, ku taimaki mai son taimakonku. Ku faɗi gaskiyar abin da ya kai ku tun kafin a ji a bakin wani, a riƙa ganinku a sahu, ku rabu da tsohuwar majalisa. Iyaye mata, a daina yi musu gori a cikin gida.

Kwamitin masallaci zai zauna ranar Lahadi bayan La'asar. Duk mai gurbin yaron shago, ko keken ɗinki da ke ajiye, ko wanda zai iya tsaya wa mutum ɗaya, ya ga sakatare bayan sallah. Ba za a karanta sunan kowa a lasifika ba.