Maigida, Yaronka Ya San Inda Take

Ɗan'uwana maigida, kai da ke zaune a Magariya ko Dungas, ko wani ƙauye tsakanin Waca da Dogo-Dogo, zo mu yi magana kan bindigar nan da ka rataye a bayan ƙyaure. Na san ba don mugunta ka ajiye ta ba. Wataƙila adaka ce ta gado da ake fita farautar rani da ita, wataƙila kuma ɓarayin shanu ne suka sa ka nemo ta, tunda iyaka na kusa kuma dare ba shi da amana. Ƙasar Damagaram ta daɗe da sanin albarushi, tun ƙarni na 19 maƙeran Sarki Tanimu ke ƙera igwa a Zinder, har yau kuma ƴan bindiga na barin wuta a hawan salla, yara na biye da su suna sowa.

Wannan sowar ce take damuna. A wurin ɗan shekara biyar bindiga abin biki ce, ƙara ce da hayaƙi, kuma kada ka ruɗi kanka cewa bai san inda ka sa taka ba, domin yaron da ya gano inda uwarsa ke ɓoye ƙuli-ƙuli ba zai kasa gano abu mai tsawon kamu uku ba. Ɓoyewa wajibi ce, ka kulle ta, albarushi da harsashi su kwana a wani wurin dabam, amma ɓoyewa kaɗai ba ta isa ba, sai ka zaunar da shi ka yi masa bayani.

Ita adaka ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi a danna, a bi da guntayen ƙarfe, kuma in an ɗura fitar da shi aiki ne, shi ya sa maharbi kan dawo daga daji ya jingine ta da cikinta. Ba mai gane ɗurarriya da ido. Da damina kuma albarushi kan sha sanyi, a ja kunama a ji shiru, sai bayan ɗan lokaci ta tashi, a daidai lokacin da yaro ya juyo bakinta yana leƙawa ya ga abin da ya hana. Wannan fa ka gaya masa dalla-dalla, da harshen da zai gane, ba da tsawa ba: kowace bindiga a ɗauke ta tana da ciki, in ya gan ta a gidan kawunsa ko a gona, ko ya tsinci harsashi a hanyar lakwal, kada ya taɓa, ya bar wurin ya kira babba.

Ranar da ya zo ya faɗa maka kuwa, don Allah kada ka ɗauko bulala, ko da ya riga ya taɓa. Yaron da aka doka don ya faɗi gaskiya gobe shiru zai yi, ya kira abokansa su je su gani. Ka sa masa albarka, uwarsa ma ta ji, ƴan'uwansa mata ma su zauna su ji bayanin, tunda su ke shiga ɗakin da shara.

Sai kuma kai kanka. Manzon Allah (SAW) ya hana a nuna ɗan'uwa da makami, malamai sun ce ko da wasa ne, to ka duba yadda kake riƙe bindigar in baƙi sun zo, ka duba ko kana dariya in yaron ya auna ƙanensa da ta roba, domin hannunka yake kallo fiye da bakinka. In kuma wadda ke gidan ba ta da takarda, tun 1994 Nijar ke da hukumar tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida, ka samu maigari ya raka ka wurin jandarma a miƙa ta.