Haƙƙin Uwargida Bayan Furfura Ta Fito

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare ga waɗansu dattawa a Jega da Aliero da Maiyama, da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, wadda ya kamata a yi hattara da ita. Watau da zarar an cire albasa kuɗi sun shigo hannu, sai maigida ya nufi kasuwar Jega ya haɗo lefe, ya ƙaro aure. Ƙarin aure halal ne ga wanda zai yi adalci, babu mai jayayya. Abin takaici shi ne makomar uwargida, wadda ta yi shekara talatin ko arba'in tana cin wuya tare da shi: a cire ta daga girki, a daina hira da ita, ko a tura ta gidan ɗanta da sunan hutu. Ba a sake ta ba, ba a kuma riƙe ta ba. Irin wannan ratayewa ce aya ta 129 ta Suratun Nisa'i ta hana.

Lalle ne a sani, a Mazhabar Malikiyya rabon kwana wajibi ne ko da matar ta tsufa, ko tana jinya, gama manufarsa ita ce ɗebe kewa da natsuwar zuciya. Amarya budurwa kwana bakwai gare ta, bazawara kwana uku, daga nan sai rabo ya koma daidai. Masu kafa hujja da Nana Sauda, wadda ta bar wa Nana A'isha kwananta sa'ad da ta manyanta, su lura cewa ita ce ta yi kyautar don kanta, kuma malaman fiƙihu sun ce mai irin wannan kyauta tana da ikon janye ta ran da ta so. Abin da aka karɓa da gori ko da barazanar saki, sunansa ƙwace.

A duba labarin Khaulatu 'yar Sa'alaba. Mijinta Ausu ɗan Samitu, bayan ya tsufa, ya fusata ya yi mata zihari, watau ya kamanta ta da mahaifiyarsa don ya haramta ta ga kansa. Ta kai kuka ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, cewa ƙuruciyarta ta ƙare a gidansa, ta haifa masa 'ya'ya, yanzu kuwa ya yar da ita. Allah Ya ji kukanta, Ya saukar da farkon Suratul Mujadala, Ya ɗora kaffara mai nauyi: 'yanta bawa, ko azumin wata biyu a jere, ko ciyar da miskinai sittin. Da tsohon ya kasa, Khaulatu da kanta ta taimaka masa da dabino. Wannan kuwa izina ce ga dattijai mata, kada rainon jikoki ya sa su bar miji cikin rauni ba mai miƙa masa ruwan alwala.

Har ila yau, Annabi ya zauna da Nana Hadiza wajen shekara ashirin da biyar, bayan rasuwarta kuma yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Bai ɗauki ambatonta da alheri abin kunya ba. Kunyar da ke hana dattijo tambayar lafiyar matarsa, ko gode mata a kan tuwon da ta tuƙa, girman kai ce ta sa rigar kunya.

Maɗoran Aliero, waɗanda ake zuwa wurinsu daga nesa, sun san ƙashin tsoho in ya karye ba ya kamawa da wuri kamar na yaro. To, haka zuciyarsa take. Wanda ya san ya karya ta uwargidansa, sai ya gaggauta ɗori tun yau: ya mayar mata da kwananta, ya daidaita cefane da tufafi, ya nemi gafararta tun ajali bai raba su ba, domin haƙƙin mutum istigfari kaɗai ba ya kankare shi.

Allah Ya sa a gama lafiya, Ya haɗa ma'aurata a Aljanna Firdausi. Amin.