Shin Hannu Yana Da Nasa Ilimi?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Katagum ya san yadda yara kan bi gonaki da kaka suna tsintar karan dawa, su fere shi su haɗa mota, wasu kuma su kwaɓa laka su gina shanu. A yau yaron da ke Azare ya fi ganin mota a fuskar wayar yayansa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin wasa kawai ya rasa, ko kuwa wani ɓangare na tarbiyya?

A ganinmu tarbiyya ce. Dalili kuwa shi ne, ƙarfe da fata da yumɓu ba su san lallashi ba. Yaron da ke zuga zugazugi a maƙera, in ya yi gaggawa lauje ya karkace, kowa ya gani. Yarinyar da ke ɗinkin faifai, in ta tsallake layi sai ta warware ta sake. A waya kuwa ana shafe kuskure da ɗan yatsa, kamar ba a yi ba. Wanda bai taɓa biyan kuɗin kuskurensa da gumi ba, da wuya ya san haƙuri da amana.

Sai dai laifin ba na wayar ba ne ita kaɗai. Tun kafin ta zo, mu 'yan boko muka raina ƙira da jima da dukanci, muka maida su aikin wanda karatu ya gagara. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya yi nufin koyar da sana'a a ƙaramar sakandare, amma a makarantu da dama injinan da aka sayo sun yi tsatsa cikin akwatunansu.

Wani zai ce tura yaro wurin sana'a bautarwa ce. Gaskiya ne, in an raba shi da aji domin a ci guminsa. Amma wanda ya je ya koya bayan an tashi makaranta, ƙari ya samu.

Saboda haka, ya kamata malaman da ake horarwa a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare su riƙa gayyato maƙera da dukawa cikin makarantunmu, a shimfiɗa musu tabarmar malanta. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.