Nisabin Zakka Tsakanin Zinariya da Azurfa

Shari'ar Musulunci ta ɗora zakkar kuɗi a kan ƙarafa biyu, ta sanya nisabi, wato mafi ƙarancin dukiyar da zakka ke wajaba a cikinta, ya zama dinari 20 na zinariya ko dirhami 200 na azurfa, ana fitar da kashi ɗaya cikin 40 idan shekara ta zagayo. A zamanin Manzon Allah (SAW) ana canza dinari ɗaya da dirhami 10, saboda haka ma'aunan biyu dukiya guda suke nunawa. Da yawa daga malaman zamani sun dogara da dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira, mai nauyin giram 4.25, suka ƙiyasta nisabin da giram 85 na zinariya ko giram 595 na azurfa.

Wannan daidaito bai ɗore ba. Azurfa ta yawaita a duniya bayan gano dutsen Potosi a ƙasar Bolibiya ta yau a 1545, darajarta ta faɗi, sannan ta sake faɗuwa lokacin da Jamus da Amurka suka daina ɗora kuɗinsu a kanta a shekarun 1870, har ta kai a watan Maris na 2020 ƙimar giram ɗaya na zinariya ta haura ta giram 100 na azurfa. Da kuɗin takarda suka maye gurbin ƙarafan biyu, sai tambaya ta taso: da wanne za a auna dukiyar ɗan kasuwa?

Malaman Hanafiyya na Indiya da Pakistan sun fi karkata ga azurfa, domin nisabinta ƙarami ne, masu fitar da zakka sun fi yawa, matalauta kuma sun fi amfana. Shehu Yusuf Alƙardawi ya rinjayar da zinariya, yana kafa hujja da cewa ita ce ta fi kusa da sauran nisabai, kamar raƙuma 5 ko tumaki 40, kuma a kan zinariyar aka saba yin lissafin nisabi da naira a Arewacin Nijeriya. Wannan ra'ayi ya fi ƙarfi, domin zakka daga mawadaci ake karɓarta, alhali ƙimar giram 595 na azurfa sau da yawa ba ta isa ta ciyar da magidanci da iyalinsa shekara guda ba, sai a wayi gari an wajabta zakka a kan wanda shi kansa ya cancanci a ba shi. Duk da haka hujjar ɓangaren farko ba abar yarwa ba ce, tunda hadisan da suka ambaci nisabin azurfa sun fi na zinariya ƙarfin isnadi, kuma wanda ya mallaki azurfar kanta, ba takarda ba, da nisabinta zai yi aiki ba tare da saɓani ba.