Wa Ke da Ikon Tsayar da Wuƙa?

An rene mu a kan cewa ƙarami ba ya katse babba. Tarbiyya ce ta gari, sai dai a ganinmu tana da iyaka, iyakar kuwa ita ce ƙofar ɗakin tiyata. A can likitan fiɗa ke riƙe da wuƙa, shi ake yabo in an dace. Amma numfashin majinyaci yana hannun mai sa shi barci, ƙidayar auduga da almakashi kuma tana hannun nas. To, in ƙidaya ta gaza da ɗaya alhali likita ya soma ɗinki, shirun nas ladabi ne ko cin amana? Mu dai cin amana muka ɗauke shi, domin mai amanar yana kwance, ba shi da bakin magana.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar tantancewa mai matakai 19. Cikinsu har da cewa kafin a tsaga fata, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Abin kamar wasa, amma wanda aka riga aka saurara masa sau ɗaya ya fi ƙarfin halin cewa a dakata. A asibitoci 8 da aka jarraba takardar, mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari.